Jinin Gwaggo

In za ka tambayi Wakili aikin da yake yi, nemi wurin zama tukuna, don amsar ba ta tsaye ba ce. Maƙwabtansa sun daɗe da haƙura, sun yanke a tsakaninsu cewa kiwon zomo yake yi a wata ma'aikata. Shi kuwa in ya ji haka sai ya ja tsaki, ya ce kiwo daban, bincike daban, kuma wanda bai san bambancin ba ya bar masa kayansa.

Yana saurayi ya shiga cibiyar binciken da tsintsiya a hannu. Daga shara aka ɗaga shi zuwa wankin kwalabe, ya fasa iya abin da Allah ya nufa ya fasa. Da aka ga hannunsa da gilashi ba sa ga maciji, sai aka tura shi gidan dabbobi, wani dogon ɗaki a bayan ginin, mai keji-keji a jere da fanka mai kuka kamar tana roƙon a sallame ta. An tura shi ne don a huta da shi, ashe an kai shi gida. Da ɓeraye dai bai taɓa shiri ba, ya ce halittar da ba ta iya zama wuri ɗaya a gaisa ba abin amana ba ce. Amma zomaye, wayyo! A nan ya yi furfura.

Sunan ma daga nan ya samo shi. Duk taron mako, in manya sun gama maganarsu ta manya, sai a ga hannu ya tashi daga can baya. "Yallaɓai, zomaye sun ce sabon abincin nan bai yi musu ba." Ko kuwa, "Zomaye suna ƙorafin zafi." Ranar nan Farfesa, shugaban wurin, ya cire tabarau ya ce, "To, saura mu ji ta bakin wakilin zomaye." Shi ke nan suna ya bi shi. Har matarsa in ya ɓata mata rai da shi take kiransa.

Wurin da ya fi jin daɗin bayanin aikinsa shi ne shagon ƙanen matarsa, Mai Aski, inda mutum in an sa masa reza a wuya ba shi da halin tashi ya gudu.

"Ka ga jikin nan naka," in ji Wakili, yana zungurar cinyar wanda ake yi wa aski, "duk 'yan ƙananan ɗakuna ne, ido ba ya ganinsu. A kowane ɗaki akwai wani ɗan aike, masana suna ce masa kainas. Yawanci zaune yake yana hamma. Da saƙo ya zo, sai a liƙa masa wani ɗan mitsitsin abu, fosfet, kamar dai a sa wa ɗan sanda hularsa. Nan take ya miƙe ya hau ba da umarni: ku rabu biyu, ku yawaita! To a jikin mai ciwon daji, hular nan ƙin fita take yi daga kansa. Shi ya sa masu binciken wurinmu suke son sanin yaushe yake da hula, yaushe yake kai babu hula."

"To ina ruwan zomo da hular ɗan sanda?" in ji Mai Aski, don ya san tambayar da ake jira ke nan.

"Yawwa! Mu yi wa zomo allurar ɗan guntun kainas ɗin nan mai hula. Jikinsa ya ga baƙo, ya tara masa dakaru a cikin jini, su ne antibodi. Mu ɗebi jinin kaɗan ta kunne, a tace, a zuba a kan takardar da aka shimfiɗa abin da aka matso daga ƙwayoyin mara lafiya. In mai hula na nan, dakarun su cafke shi, baƙin layi ya fito a fim. In ba ya nan, fim ya fito wayam."

Abin da ba ya gaggawar faɗa shi ne yawancin zomaye shashashai ne a wannan aiki. Dakarunsu kamun kan mai uwa da wabi suke yi, mai hula da mara hula duk su haɗa, fim ya fito baƙi dama-dama ba a gane komai. An yi ta allura, an yi ta ɗibar jini, ana zubarwa, har Dakta, matashiyar da aikinta duka ya rataya a kan layin nan, ta fara ramewa. Sai Allah ya kawo Gwaggo.

Fara ce, ƙatuwa, mai jajayen idanu da ninkin wuya, kuma ba ta da fara'a ko ta sisin kwabo. Wakili ya sa mata sunan ne saboda ƙanwar mahaifinsa, wadda ba ta taɓa amsa gaisuwa a karon farko ba. In ka buɗe kejinta ba sallama, sai ta buga ƙafa a ƙasa, dum! Likitan dabbobi ya ɗanɗana haƙorinta, ya ce shi da ita sai dai daga nesa. Wakili kaɗai ke iya ɗaukarta. Ya naɗe ta a tawul, ya rungume, yana shafa kunnen yana mata hira ƙasa-ƙasa har jijiya ta taso, Dakta ta ɗebi abin da za ta ɗiba, ya biya ta da ganyen karas.

Jininta kuwa, tabarkalla! Mai hula kaɗai yake kamawa. Layi ɗaya tal, siriri, baƙi wuluk, kamar an ja shi da rula. Dakta ta dawo da ƙibarta. Aka fara rarraba ruwan jinin a 'yan mitsi-mitsin kwalabe, ana jerawa a firiza, ana aika wasu ƙasashen waje cikin ƙanƙara. Duk ranar da za a wanke fim, Wakili yana tsaye a ƙofar ɗakin duhu da bokitinsa, wai wucewa yake yi. Kafin Dakta ta gama ɗaga fim ɗin sama, shi ya riga ya ce, "Ga shi can! Aikin Gwaggo ke nan." Kuma kada ka kuskura ka faɗi aibinta a gabansa. Wani baƙo ya taɓa cewa ta yi ƙiba da yawa, Wakili ya bi shi har bakin mota yana ba shi tarihi.

A gida matarsa tana zazzage ganye daga aljihun rigarsa kafin wanki, tana mita. "Ni da na haifa maka 'ya'ya na raine su, ko sau ɗaya ban ji an ce ka tsaya a shagon aski kana yabona ba."

"Ke ma in an tace jininki ya ja layi, zan yabe ki," in ji shi. Ranar da kansa ya ɗebi ruwan wankansa.

Ana nan, Gwaggo ta fara manyanta. Tsallen ya ragu, barcin ya ƙaru. Wata safiya Farfesa ya shigo gidan dabbobi da kansa, abin da bai saba ba, ya tsaya gaban kejinta hannu a baya.

"Wakili, zomanyar nan ta tsufa. In muka wayi gari ta mutu a keji, jinin ya daskare a jikinta, mun yi asarar da ba ta da magani. Zan yi tafiya. In na dawo, likita zai yi mata allurar barci, a ɗebe jinin duka lokaci ɗaya. Zai ishe mu shekaru."

"Duka, yallaɓai?"

"Duka."

"In an ɗebe duka, ita da me za ta tashi?"

Farfesa ya dube shi ta saman tabarau, ya fita. Ba mugu ba ne, haka ake yi a aikin, kuma Wakili ya sani, don ba yau ya fara ganin an yi wa zomo haka ba. Abin da ya fi damunsa shi ne ba wanda zai iya riƙe ta ranar sai shi. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ya zauna a kan buhun abinci.

Kwana da kwanaki yana saƙa da warwara, har dabara ta faɗo masa, irin dabarar da in ta zo wa mutum sai ya yi mamakin yadda masu digiri suka kasa ganinta. Me ake so? Jini. Jini kuwa ai gadonsa ake yi! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In Gwaggo ta haihu, ga magada sun samu, a bar tsohuwa ta huta.

Mai Aski yana da zomaye a bayan shagonsa, cikinsu har da wani baƙin namiji mai karyayyen kunne. Wakili ya aro shi. Sai dai fa shigo da dabbar waje gidan dabbobi babban laifi ne, don ba a san cutar da take ɗauke da ita ba, kuma Wakili mutum ne mai bin ƙa'ida. Saboda haka ya wanke ango tas da sabulu a bahon wankin matarsa, ya shanya shi a rana, ya sa shi a jakar ganye ranar hutu da ba kowa sai maigadi.

"Me ke cikin jakar, Wakili?"

"Ganye ne."

Jaka ta yi atishawa. Maigadi ya dubi jaka, ya dubi Wakili, ya ce Allah ya ƙara wa ganyen lafiya.

A ƙofar gidan dabbobi akwai faranti mai ruwan magani da kowa ke tsoma takalminsa kafin ya shiga. Wakili ya tsoma nasa, sannan ya fito da ango ya tsoma masa ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Ba za a ce ya karya doka gaba ɗaya ba.

Ya buɗe kejin Gwaggo ya tura shi ciki. Kai! Abin da ya biyo baya ba a cewa komai. Gashi ya tashi sama, kwanon ruwa ya kife, ango ya manne a lungu yana kyarma. Da ƙyar Wakili ya ceto shi, ya buga wa Mai Aski waya yana haki. Dariya ta kusa kashe Mai Aski.

"Yaya, shekara nawa kana wakiltar zomaye ba ka san wannan ba? Ba a kai mata namiji ɗakinta, kashe shi za ta yi. Ita ake kaiwa nasa!"

Ina zai sani? Zomayen bincike kowa da kejinsa, tun da yake bai taɓa ganin an ɗaura wa ko ɗaya aure ba. Ya sa ango a wani keji da ba kowa, ya bari ya dawo hayyacinsa, sannan ya naɗo Gwaggo a tawul ya kai ta, ya juya baya saboda kunya. Kafin ya gama gyara kwanon da ya kife, an gama komai.

Tafiyar Farfesa ta ɗan ja, takardun izini ma suka ɗan ja. Ranar da aka sa, likita ya shigo da tirensa na allurai, Dakta tana biye da idanu jajur, Farfesa a baya. Likita ya leƙa kejin daga nesa kamar yadda ya saba, sai ya ga tarin farin gashi a lungu, kuma tarin yana motsi.

"Wakili," in ji Farfesa a hankali, "zomanyar nan tun zuwanta ita kaɗai ce a keji."

"Haka ne, yallaɓai."

"To waɗannan fa?"

"Ikon Allah, yallaɓai."

Farfesa ya sunkuya ya duba da kyau. Fatar jariran dabbare-dabbare ce, nan fari, nan baƙi. "Kuma ikon Allahn baƙi ne?"

Nan Wakili ya ga ɓoyo ba shi da amfani, ya gyara tsayuwa ya zayyana musu hikimarsa tun daga tushe, har da barewa da ɗanta. Likita ya fita waje, ana jin dariyarsa ta taga. Da ya dawo ya ce shi dai ba zai taɓa uwa mai shayarwa ba sai ta yaye, ko Farfesa zai yi tsalle ya taɓo rufi.

Dakta ta ja Wakili gefe. "Baba Wakili, ba a gadon wannan abin. Jikinta koya ya yi daga allurar da muka yi mata. Kai da ka iya riƙe zomo, 'ya'yanka da iyawar aka haife su?"

"'Yata, karatu dai kin fi ni. Amma gani ya kori ji. Ki gwada."

Ya dame ta, safe da yamma, har da jariran suka ɗan yi ƙwari ta ɗebi ɗigo daga kunnen babbansu don ta huta. Aka wanke fim. Sai ga layi! Bai kai na uwar ba, amma ga shi nan a daidai wurinsa, ba mai musu.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Wakili ya zagaye cibiyar kaf, har ɗakin masu gyaran lantarki da ba ruwansu. A shagon aski ya ce yanzu haka ana shawarar yadda za a sa sunansa a littattafai. A gida ya ce wa matarsa ta fara koyon zama da babban mutum. Dakta tana binsa tana cewa, "Baba, na uwar ne ya zuba musu tun suna ciki, guzuri ne ta yi musu, ƙarewa zai yi." Ina! Wanda ya hau dokin murna ba ya jin kira.

Bayan 'yan makonni aka sake gwadawa, layi ya dushe. Aka kuma gwadawa, fim ya fito wayam kamar ba a taɓa zuba komai ba. Wakili ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya goge da gefen riga. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Ranar ko shagon aski bai bi ba, ta bayan layi ya zagaya ya shige gida.

Tsugune kuwa ba ta ƙare ba. Kwamitin kula da dabbobi ya zauna a kan maganar ango. Aka yanke cewa Gwaggo da 'ya'yanta ba za su ƙara zama a gidan dabbobi ba tunda sun cuɗanya da na waje, kuma ba sauran yi mata allurar da ke tayar da dakarun jininta. Shi kuma Wakili aka gode masa da daɗewar da ya yi, aka ce ya je gida ya huta. Wannan bai dame shi kamar yadda aka zata ba. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne maganar Farfesa: ta yaye, saboda haka za a gwada jininta karo na ƙarshe. An daɗe ba a yi mata allura ba, ga ciki ga shayarwa, wataƙila ƙarfin ya tafi. In ya tafi, Wakili ya kwashe ta da zuriyarta ya ba su wuri. In kuwa da saura, ko yaya yake, gobe likita ya dawo da tirensa.

Da hantsi Dakta ta fito daga ɗakin duhu, fim yana ɗigar ruwa. Farfesa ya karɓa ya je bakin taga ya ɗaga. Ya cire tabarau, ya mayar, ya matso da shi, ya nesanta.

"Dakta, kina ganin wani abu?"

Dakta, wadda ta fi kowa buƙatar jinin nan, ta dubi fim ɗin, ta dubi ƙasa. "Yallaɓai, yau tun safe idona yake yaji. Ba zan rantse ba."

Farfesa ya waiwayo. Wakili yana bakin ƙofa, yau ba bokiti, hannuwa a harɗe. "Zo nan. Kai ne kake hango layin zomanyar nan tun daga ƙofa. Duba mini. Akwai ko babu?"

Wakili ya matso. Bai ma buƙaci matsowa ba, tun daga can ya gan shi. Yana nan a wurinsa, siriri kamar gashin gira, shi kaɗai, ba datti a sama ba datti a ƙasa. Tsohuwa da tsufanta, da haihuwarta, ba allura ba komai, amma ba ta kama mara hula ko ɗaya ba. Yabo ya taso masa tun daga ciki, ya cika masa baki har haƙoransa suna ƙaiƙayi. Ya haɗiye shi da ƙyar, kamar mai haɗiyar ƙwaya ba ruwa.

"Babu, yallaɓai."

"Ka duba da kyau. Nan wurin fa?"

"Ƙurar taga ce. Ta gama, yallaɓai. Cin abinci kawai ta iya yanzu." Muryarsa ta ɗan karye, ya yi tari ya rufe. "Dama can ma an yabe ta fiye da aikinta."

Farfesa ya daɗe yana kallonsa, fim a hannu. Ko ya gane ko bai gane ba, Allah masani. Ya ajiye fim ɗin a kan tebur, ya ce wa Dakta ta lallaɓa abin da ya rage a firiza, a sayo sababbin zomaye a fara daga farko. Sannan ya ce, "Kwashe su. Kai da su duka, kada in ƙara jin ƙorafin kowa a cikinku."

Wakili ya samo kwali biyu ya huda musu ƙofofin iska, 'ya'yan a ɗaya, uwar a ɗaya. Dakta ta riƙe masa ƙofa, ta cusa masa tsohon tawul ɗin a hammata. Tun yanzu yana jin abin da matarsa za ta faɗa in ta ga ya dawo ba aiki, ga baki bakwai ko takwas na ci.

A bakin get maigadi ya leƙa ramin kwalin, jan ido ya leƙo shi. "A'a! Wannan ita ce shahararriyar da ake aika jininta ƙasashen waje?"

Wakili ya buɗe baki, ya ja numfashi irin na mai shirin dogon bayani. Sai ya waiga, ya ga tagar ofishin Farfesa a buɗe take, da mutum tsaye a jikinta.

"Wace shahararriya?" ya ce da ƙarfi, yadda za a ji. "Tsohuwar zomanya ce kawai, ba ta da wani amfani."

Bai ƙara cewa komai ba sai da ya sha kwana, ginin ya ɓace a bayansa. Nan ya sauke kwalayen a gindin wata bishiya, ya durƙusa a gefen titi, mutane suna wucewa suna kallonsa, ya kafa bakinsa a ramin kwalin.

"Gwaggo, ki yafe mini. Wallahi na gan shi. Ya fito, kuma ba wanda ya isa ya ja irinsa."

Daga cikin kwali ba a amsa ba. Ya share ido da tawul ɗin, ya ɗora kwali ɗaya a ka, ya rungumi ɗaya, ya nufi tashar mota.